Ranar da Ruwa Ya Ɗauki Anti Guga

Duk layin babu wanda bai san Anti Guga ba. Shagonta na wanki yana ƙasan bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, kullum tururi na fita ta ƙofa. Tun da mijinta ya rasu ita ce uwa ita ce uba ga 'yarta tilo, wadda take kira Auta duk da ba ta da yayye. Mace ce da ko shayi a tsaye take sha.

Auta ce ta ga hoton a waya: wani tafki a ƙasar waje, duwatsu sun kewaye shi, iyaye da 'ya'yansu suna tuƙa ƙananan kwale-kwale. Yarinyar ba ta roƙa ba, kallo kawai take ta yi, shi kuwa ya fi roƙo cin rai. Anti ta ce in hutu ya zo za su je. Fasfo, biza, wanda zai riƙe shago, duk ta yi maganinsu. Sai kamfanin tafiyar ya zo da sharaɗi: kowane yaro sai da babba a kwale-kwalensa, babban kuma dole ya iya iyo. A wasu gidajen in uwa ba ta iya ba, uba ya iya. Nan babu na biyu.

Da ƙanin Anti ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, ke da ko gada aka hau sai kin rufe ido? Bari ni in kai ta."

"Kai ka haife ta?" in ji Anti.

Ta je wurin koyon iyo a lokacin mata. Wai wai, ruwa ya sha duka! Tana naushi tana shuri kamar ta samu bargo mai dauɗa, ruwan kuma yana ramawa ta hanci. Auta na gefe rungume da tawul, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"Anti, ba wanki kika zo ba," in ji malamar iyo. "Ki daina aiki. Kwanta kawai."

"In kwanta? Wa zai riƙe ni?"

"Ruwan."

Abin da ya fi ba ta wuya ke nan. Sati ya bi sati, lokacin tafiya na matsowa, ita kuwa da zarar ƙafarta ta bar ƙasa sai jikinta ya sandare. Rannan dai gajiya ta ci ƙarfinta. Ta jingina bayanta a tafin malamar, kunnuwanta suka nutse, hayaniya ta ɗauke ɗif. Sama can ta ga hasken ruwa yana rawa a jikin rufi. Ta daɗe tana kallo, tana mamakin ikon Allah, kafin ta juya ido ta hango malamar can nesa, hannuwa harɗe a ƙirji.

Babu mai riƙe da ita, kuma ba ta nutse ba. Hawaye suka gangaro mata, ta rasa na mene ne. Mace mai wannan nauyi, da shago da haya da yarinya a kanta, ga ta kwance ana ɗauke da ita!

Auta ta durƙusa a bakin ruwan tana ihu. "Mama! Kin iya! Za mu je! Fito mu tafi gida!"

Anti ta lumshe ido.

"Je ki zauna, Auta," ta ce. "Ki bar ni tukuna."