Rariyar da Yaya Ya Toshe

A shekarun da Nasara suke kwasar maza zuwa aikin bariki a Tanut, ina zaune a Gangara, cikin ƙasar Damargu, da mijina da ƴaƴanmu ƙanana. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wan mijina, wanda nake kira Yaya. Gidanmu yana ɗan bisa tudu, nasa yana gangare, saboda haka duk ruwan da ya sauka a tsakar gidanmu sai ya bi ta wata rariya a gindin katangar, ya ratsa ta bayan rumbunsa, ya fita hanya. Tun ubansu yana da rai haka ruwan yake tafiya, ba wanda ya taɓa jin haushin abin.

Mu aikin bazara ba ya wuce mu. Da zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa, sai maigida ya hau kan soro ya share ƙasar da iska ta tara, ya zura sanda cikin indararo ya fitar da sheƙar tsuntsaye, ya bi duk inda rufi ya tsage ya yaɓe da laka da kashin jaki. Ni kuma nawa aikin rariya ne. In durƙusa in kwashe toka da ƙaiƙayi da tsumman da suka cushe ta, in zuba ruwa ƙwarya guda in ga ya wuce. Aikin bai kai yini ba.

Yaya kuwa bai taɓa yin ko ɗaya ba. Ya taɓa bin ayari zuwa Kano sau ɗaya yana saurayi, a matsayin mai kora jakuna, kuma wannan tafiyar ita ce sana'arsa har ya tsufa. Kullum yana gindin aduwa da rawaninsa, yana koya wa masu gini gini, yana koya wa masu haƙar rijiya haƙa. Matarsa, mace mai haƙuri wadda muke shiri da ita ƙwarai, ita take noma rabin gonarsa.

A bazarar da nake magana, maigida yana cikin waɗanda maigari ya tura Tanut ɗaukar dutse. Bai daɗe da tafiya ba wata kazata ta bi ta rariya ta shiga gidan Yaya, ta tsattsagi gero a gindin rumbu. Kowa ya san maganin wannan: a cusa ƙaya a bakin rariya, ruwa ya wuce, kaza ta koma. Shi sai ya tuɓe riga, ya kwaɓa ƙasa da kansa, ya jera duwatsu ya toshe ramin, har yana shafe fuskar yaɓen da tafin hannu. A duk zamana da shi, wannan ne kaɗai aikin da na ga ya yi da kyau.

Na shiga na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya buɗe kafin ruwa ya sauka, na ce zan ɗaure kajin. Bai ko dube ni ba.

"Ke me kika sani game da gini?" ya ce. "A Kano kowa ruwansa a gidansa yake ƙarewa. Kuma ruwan Damargu nawa yake da za ki zo kina tada mini hankali?"

Na kai magana wurin maigari, ya ce abin tsakanin wa da ƙane ne, in jira mijina ya dawo. Wata safiya na ɗauki taɓarya na fasa toshin daga ɓangarenmu. Kafin azahar Yaya ya sake liƙe shi, ya mirgino wani ƙaton dutse ya jingina, ya kuma aiko matarsa ta gaya mini cewa ba ni da kunya. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Daga nan na bar shi. Na ƙara wa dokin ƙofata tsawo, na ɗora buhunan wake a kan gado, na roƙi wani maƙwabci ya hau ya share mana indararo. Na ce wa matar Yaya ta sa a duba nasu ma, ta ce ya hana kowa hawa soronsa, wai za a lalata masa rufi.

Ruwan farko ya zo bayan azahar, da hadari baƙi ƙirin daga gabas. Ban taɓa ganin ruwan shuka mai ƙarfinsa ba. Nan da nan tsakar gidana ta zama tabki, turmi yana yawo a kai, murhu ya nutse. Na tsaya a ƙofar ɗaki da goyo a bayana ina kallon ruwan yana taruwa a jikin katangar, yana hawa, ya wuce gwiwar mutum. Katangar ƙasa ce, ba ta da abin yi sai sha. Wajen la'asar ta ɗan karkata, sannan ta kwanta gaba ɗaya a kan rumbun Yaya, ruwan ya bi ta kanta ya shige gidansa.

Allah ya kiyaye, ba wanda ta danne. Amma rumbun ya fashe, dammunan gero suka zube cikin laka, har da irin da za su shuka. Soron nasa ma, da yake indararon a cushe yake, ruwa ya kwanta a kan rufin har ya huda ya zubo musu a ka. Matarsa ta kwaso yara ta tsallako ta kan ɓaraguzan katangar zuwa ɗakina. Shi kuwa yana tsaye a tsakar gida da tabarma a kansa, yana faɗa wa duk wanda ya leƙo cewa ni na turo masa ruwa.

Da gari ya waye ni da ita muka shiga laka muna tsamo zangarniya ɗaya ɗaya, muna shanyawa. Tana yi tana hawaye ba sauti. Wani ya bushe, mafi yawa ya yi tsiro ko ya yi ɗoyi. Ita na tausaya wa har cikin raina. Shi ko kaɗan. Lokacin yana gindin aduwa yana bayyana wa mutane cewa ubansu bai iya gini ba, ga kuma sammu da aka daɗe ana bin sa da shi.

Maigida ya dawo a rame, kafaɗunsa duk sun saɓule da ɗaukar dutse. Bai huta ba ya raba irinmu biyu ya ba wansa, ya kira gayya aka tada katangar, aka bar mata rariya mai faɗi aka cusa ƙaya. Yaya yana tsaye a inuwa yana nuna musu inda za su sa ta, daga baya ma ya riƙa cewa shawararsa ce. Na buɗe baki zan yi magana, maigida ya ce, "Bar shi, wana ne."

Daga rumbunmu suka ci har kaka. Tuwona nake aika masa safe da yamma, ya cinye tas, ya aiko da akushi da saƙon cewa miya ba ta ji daddawa ba. Damina ce mai wuya, har sai da muka haɗa da tafasa da ƴaƴan anza kafin gero ya nuna, kuma ƴaƴana sun kwana da yunwar da bai kamata su kwana da ita ba.

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, na yi masa addu'a kamar kowa. Amma in jikokinsa suka zauna suna ba da labarin irin hankalinsa da sanin duniyarsa, sai in tashi in nemi abin yi a madafa.