Usur ɗin Rufe Daji

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, jikana mai gadin gandun dajin gwamnati ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ni da nake ce masa Maigida tun yana rarrafe, yau ni ce nake rubuta masa ta'aziyya.

Maigida, kai dai mutum ne mai doka. Allon bakin ƙofa ka haddace shi kaf: ba a hura wuta, ba a yar da leda, ba a kauce wa hanya, ba a tsinkar ko ganye. Ran da na karyo ɗan reshe zan yi asuwaki, ka ƙwace shi a gaban baƙi. Na ce, "Haba Maigida, haƙoran nawa duka guda nawa suka rage?" Washegari sai ga ka da asuwaki dami guda, na kasuwa.

Yaran da suka ɓace maka a daji, goye kake fito da su. Masu shan iska in sun bar datti, ka kwashe ba gori.

Amma dokar da na fi so ita ce ta yamma. In ka busa usur kowa ya fita, kai kuma ba ka rufe ƙofa sai ka zagaya ka tabbata ba a bar kowa ba. Ni ko sai in lafe a bencin bakin rafi in yi kunnen ƙashi. Ka zo kana huci: "Tsohuwa, kurma kika zama?" In ce, "Mijin kirki shi ke zuwa ɗaukar matarsa." Ka riƙe min sanda, in riƙe hannunka, mu taka a hankali har ƙofa. Duk hirarmu ta duniya a wannan 'yar hanya muka yi ta.

Jiya na koma bencin. Aka busa usur, na lafe. Sabon mai gadi ya zo ya rusuna, ya ce, "Kaka, a yi haƙuri, za a rufe." Yaro mai ladabi. Na tashi na riƙe sandata da kaina.

Kai ka ce mai gadi ne ƙarshen fita, Maigida. Yaya aka yi ka bar tsohuwa a ciki?

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya zaunar da kai a inuwar da ba a rufe ƙofarta. Uwarka 'yata, da matarka, da abokan aikinka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma in an busa nawa, Allah Ya sa kai za ka zo ɗaukata.