Hannun da Na Haɗa a Zakka

Mahaifina mai masauki ne a Batsari, ni ma sana'ar da na gada ke nan. Duk kaka masu sayen wake da gero sukan zo daga Katsina da Kano, wasu har daga kudu, su sauka a zaurenmu. Mu ba su tabarma da ruwan wanka da tuwo, washegari mu kai su ƙauye wurin masu kaya. In ciniki ya faɗa mu sami la'adarmu, mu nemo musu mota, mu tsaya a kan 'yan dako har a ɗaure tamfol.

Akwai abin da Baba ya koya mini tun ban fara gemu ba. Idan ka kai baƙo ƙauye karon farko, faɗin sunansa bai isa ba. Kama hannunsa za ka yi ka sa cikin hannun dattijon garin, ka ce ga baƙona. Daga ranar za a buɗe masa rumbu ya ga na ƙasa, ba na sama kawai ba. Shi kuma ba ya sake shiga garin sai da kai ko da saninka. Babu takarda, babu rantsuwa, kuma har Baba ya rasu ban ga baƙon da ya karya wannan ba.

Shekara uku da suka wuce, ana gab da yankan gero, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidana. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, ga ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce daga wani kamfani yake, masu son gyara yadda amfanin gona ke fita daga ƙauye zuwa birni. Ya yi mini bayani a wayarsa: manomi zai ga farashi daga gida, mota za ta zo kan lokaci, ba sauran wake ya kwana uku a tasha ƙwari na ci. Za su gina sito a Batsari, kuma a cewarsa babu wanda ya dace ya riƙe makullin sai wanda ƙauyuka suka sani. Ya dube ni yana murmushi. Ni kuwa kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a zaurena. Uwargida ta ce ita dai ba ta taɓa ganin baƙon da ke tambaya fiye da cin abinci ba. Na ce mata ai haka masu ilimi suke, ta bar ni da baƙona.

Kullum da safe sai in goya shi a babur mu nausa. Lokacin hanyoyinmu ba kowa ke shigarsu ba, sai wanda ya san inda ake bi da sa'ar da ake bi. Na nuna masa komai. Ga mashigar da babbar mota ke iya tsallakawa in ruwa ya janye, ga inda yashi ke riƙe taya a hanyar Tsaskiya, ga garin da ba a zuwa sayen kaya ranar da suke cin kasuwar dabbobi. Duk inda muka tsaya sai ya danna waya, ya ce yana ajiye wurin ne. Lambar duk wanda muka gaisa da shi sai ya karɓa. Abin da Baba ya tara a shekara arba'in, da wanda na ƙara a kai, na juye masa shi cikin kwana goma sha ɗaya ina murna.

A Zakka akwai wani dattijo, aminin mahaifina, wanda in ya ce a sayar ake sayarwa. Ya daɗe yana kallon baƙon kafin ya miƙo hannu. Na kama hannun mutumin na sa a cikin nasa, na ce, “Baba, ga baƙona.” Dattijon ya ce tunda daga zauren amininsa ya fito, Zakka gidansa ce. Haka na yi a ƙauye bakwai.

Da kaka ta zagayo na sa aka yi wa zaure sabon daɓe, na sayi tabarmi. Sito kuwa an gina shi, a bakin titin Katsina, da rufin kwano mai ƙyalli da babban sikeli a ƙofa. Na yi ta jiran kira. Wata safiya ina zaune a ƙofar gida sai ga motocinsu biyu masu fenti iri ɗaya sun wuce ta gabana, sun karya kwana daidai inda na nuna, sun yi hanyar Safana. Ko hon ba su yi ba.

Na sa babbar rigata na tafi siton. Mai gadi ya tambayi lambata, ya duba wata na'ura, ya ce ba na ciki. Na ce masa ni ne na shigar da duk waɗanda ke cikinta. Ya ce ya ji, amma dai ba na ciki. Makullin yana hannun wani mai digiri da aka turo daga birni, wanda ban tsammanin ya san bambancin waken bana da na bara.

Na kira baƙona. Ya gaishe ni da ladabinsa na da, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ya ce yana kewar miyar kukar gidana. An mayar da shi wata jiha, in ji shi. Da na tambayi maganar sito sai ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ai dama manufar aikin ita ce a cire masu shiga tsakani.”

Ranar na san sunan da suke kirana da shi a ofis. Wato tun yana zaune a tabarmata yana sa hannu a kwanona ya san ni aka zo cirewa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsoffin baƙina ma suka daina zuwa, don kaya ba ya isowa kasuwa kamar da, a ƙauye ake kwashe shi.

Ba zan yi ƙarya ba, manoma sun ji daɗi. Motar tana zuwa har bakin rumbu, sikelin ba ya cuta, ba sa biyan babur ko amalanke. Wannan ya sa na rasa wanda zan kai wa kuka.

Bayan sati uku da zuwana siton, dattijon Zakka ya zo Batsari ganin likita, ya biyo ta gidana da ɗan ƙullin sabon wake, yadda ya saba kawo wa Baba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya dubi sababbin tabarmi a jingine, ya dubi zauren ba kowa, ya ce mi ya hana ni rakiyar motocina bana.

Na ce waɗanne motocina.

Ya ce ai ranar farko da suka zo babu ni, ya hana a buɗe rumbu. Sai direban ya duba waya, ya ce mai masaukinsu na Batsari ne ya turo su, har ya faɗi sunana da na mahaifina. Shi ne aka loda musu. Kuma duk zuwan da suka yi, a Zakka da sauran garuruwan, da wannan sallamar suke shiga.

Can a sito mai gadi ya ce ba na cikin na'ura, ashe ina ciki, a wurin da suke buƙatata.

Dattijo ya fahimta, don ya ga fuskata. Ya matso ya rage murya. “Ɗan aminina, in ba da yawunka suke zuwa ba, faɗa mani. Gobe ko tiya guda ba su samu a Zakka.”

Na san zai iya. Na kuma san waken nan in bai shiga motarsu ba, ba ni da baƙo ko ɗaya da zan kawo ya saya. Sannan mutanen garin a gabansu na kama hannun nan na sa a nasa, ba wanda ya tilasta ni, kuma Baba bai taɓa koya mini yadda ake zare shi ba.

Na ce, “Ku sayar musu, Baba. Baƙina ne.”

Da na raka shi tasha na dawo, na ce wa uwargida ta kwashe tabarmin ta shigar cikin gida, yara su riƙa zama a kai.