Laftof a Kan Rariya

Ban taɓa ganin teku da idona ba. Wanda na sani yana cikin laftof ɗin maigidana, a gefen wani titi da motoci ke tsere a kansa. Ruwan shuɗi ne, rana kuma kullum tana shirin faɗuwa amma ba ta faɗuwa.

Da ina budurwa, littattafan soyayya da nake haya a bakin kasuwa sun yi mini alƙawarin miji mai kalaman da ke hana mace cin abinci. Sai Allah ya ba ni ma'aikacin ɗakin hoto na asibitin koyarwa, wanda in kuka yi waya zai tambayi lafiya, ya tambayi ko an kawo wuta, ya yi shiru. Amma da zarar ya shiga wasan tseren mota, sai bakinsa ya buɗe. Da aka tura shi ƙaro karatu ƙasar waje, ya bar mini laftof ɗin a ɗakinmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Duk Asabar bayan la'asar ya shiga daga can, in shiga daga nan, motarsa ja, tawa fara, mu bi titin tekun muna hira. A titin nan ya faɗa mini maganganun da ba zan rubuta su ba.

Da bazara ta kankama, masu wasan suka sabunta shi, ya ƙara nauyi. Hotona ya fara sarƙewa. Motata ta daskare, kafin ta farfaɗo na ci karo da bango, shi kuma ya yi nisa. Hira ta koma "Kina ina?" da "Jira ni."

Ana haka yayarsa ta zo daga Daurawa duba ni. Ita ta raine shi, kuma a gidansu abu mai daraja ba ya zama a ƙasa tsirara. Talabijin da rigarsa, firiji da mayafinsa. Laftof ɗin ma ta ɗinka mata ɗan matashi mai aikin zare, don kada gindinta ya karce, a kansa nake ɗora ta kullum. Ta kai hannu ta taɓa laftof ɗin, ta janye da sauri.

"Innalillahi! Amarya, ai wannan sai ta soya ƙwai. So kike ki ƙona masa ita?"

"Yaya, haka take yi in ana wasa."

"To wasan ya ƙare. Asabar zan dawo in tafi da ita, in sa a akwati har mai ita ya dawo."

Na kai masa ƙara, sai ya ce, "Ki bar mata kawai, ma riƙa yin waya." Waya! Lafiya, wuta, shiru. Na ajiye wayar, na ce wa raina laftof ɗin nan ba inda za ta.

Na shiga bincike a intanet. Ashe akwai wani sashe a cikinta da ke zana hoton wasa, masu gyara na kiransa girafik, kuma ana iya ƙara masa gudu da wata manhaja. Amma duk masu hankalin cikinsu maganarsu ɗaya: kada ka ƙara gudu sai ka san zafin da take ciki, kada kuma ka taɓa ƙarfin wutar da ke shiga. Na saka manhajar, na kunna wasa, na zuba wa lambar zafi ido. Ban ƙara komai ba, ta wuce digiri casa'in. Ashe ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sarƙewar ke nan.

Na kasa kunne. Fankarta na nishi kamar wanda aka toshe wa hanci. Na ɗaga ta, na ga ramukan shan iskarta duk a ƙasa suke, sun lume cikin audugar matashin Yaya. Tun tafiyarsa muke shaƙe ta da sunan girmamawa.

Na shiga kicin ina neman abin da zai ɗaga ta iska ta ratsa. Idona ya sauka a kan rariyar tankaɗe, mai katako da ragar waya. Na wanke ta tas, na shanya a rana har ta bushe ƙarau, don kada fanka ta zuƙi gari ko danshi. Na kife ta a tebur, na ɗora laftof, na juyo da fankar ɗaki. Zafi ya sauko ƙasa da tamanin.

Sai a lokacin na taɓa gudun, da caja a jone. Kaɗan-kaɗan, kamar zuba gishiri a miya. In ƙara, in yi tsere, in duba zafi, in sake ƙarawa. Na ajiye wa kaina iyakar da in lambar ta doshe ta zan tsaya. A wani ƙarin sai na ga ɗigo-ɗigon kore suna yawo a kan tekuna. Na riga na karanta cewa alama ce ta an wuce ƙima. Na koma baya, na ƙara komawa, ruwan ya washe. A nan na bar shi. Gudun da na samu ba mai yawa ba ne, rariya ta fi manhaja aiki, amma motata ta daina daskarewa.

Ranar Asabar Yaya ta iso da jakar da za ta saka ta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me zan gani? Kayan ƙanina a kan rariya kamar garin tuwo? Ina matashin da na ɗinka?"

"Ga shi can a kujera, Yaya. Shi ne yake shaƙe ta."

"Ni ce na shaƙe ta ke nan?"

"Ni da ke. Taɓa ki ji."

Ta taɓa, ta ɗan jima hannunta a kai. "Ɗumi dai," ta ce. "Duk da haka naɗo mini wayoyinta."

Ban taɓa yi mata musu ba tun da aka kawo ni gidan. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba za ta tafi ba. A nan kaɗai nake ganin mijina."

Kafin ta amsa, muryarsa ta fito daga laftof ɗin, yana sallama. Na zauna, na ja motata. Muka hau titin teku, hoto na tafiya sumul. A kwanar da kullum nake cin bango, na shige shi ta ciki.

"Kai! Wa ke tuƙin nan?" ya ce.

"Matarka ce," Yaya ta amsa daga bayana, "ta mayar da kayanka kicin."

Ya yi ta dariya har motarsa ta sauka daga titi. Yaya ta yi tsaki, ta jawo matashin ta tokare bayanta da shi, jakar na gefenta ba komai a ciki. Ni kuwa ban rage gudu ba. Wannan karon shi ya ce, "Jira ni."