Nishin Gindin Tsamiya

Da asuba na tarar da Jaji tsugune a bakin kanal, ya kara kunne a jikin wani tsohon bututun ban-ruwa, rediyonsa rataye a wuya. Maƙwabcina ne a Bunkure, tare muke ƙwadago a gonakin mutane, kuma bai taɓa riga ni kai ƙarshen kunya ba.

Abin da ya fi ni shi ne rashin barci. Akwai shirin da ake yi a rediyo idan dare ya raba, mutane na bugo waya suna ba da labarin gamonsu da aljanu. Jaji ba ya fashin sauraro. Da safe sai ya ishe mu: "Shi kaɗai ya gani? Me ya sa kullum ƙanin abokin wani ne abin ya samu?" Ba ya musun akwai aljanu. Cewa yake ba kowane motsi ne nasu ba.

Tsoho Dattijo yana da gona a ƙarshen kanal, gindin tsamiya. Ruwa ba ya isa can sai dare, bayan na sama sun ƙoshi, kuma ba mai zuwa ban-ruwa saboda wani nishi da ake ji. Ni na daɗe ina yi masa aiki, ni ya fara yi wa tayi: in noma, mu raba amfani. Na ce a bari malamai su yi addu'a tukuna. A wannan jiran nake ranar da na tarar da Jaji a wurin.

"Malam Uba, zo ka gaisa da aljaninka," in ji Jaji.

Ya ɗora tafinsa a kan tsagar bututun, nishi ya tsaya. Ya ɗage, ya dawo.

"Iska yake zuƙa idan ruwa ya ja baya."

Na ce, "To likitan aljanu, in ka karɓi gonar rediyon ne zai yi maka dashe?"

"A'a, kai zan ɗauka."

Kafin azahar Dattijo ya ji labari, ya ba shi noman gonar. Tumatir ya yi kamar ba a taɓa tsoron wurin ba. Hannuna ya yi kanta a gonar nan shekara da shekaru, shi kunne kawai ya sa. Duk wanda ya yaba masa a gabana, sai in ji kamar an taka min gyambo.

Jiya na leƙa ta katanga na gan shi ya gama lodin kwandunan tumatir. Ya zaɓi wanda ya fi cika, ya ajiye a ƙofar gidana, ya gyara rediyonsa a wuya, ya wuce.