Kaset ɗin da na shafe

Ni na yi laifin, amma shekara guda ina ɗora wa wani ɗan Caina da bai san komai ba.

Dab da shekarar dubu biyu nake sarin rediyo mai kaset a Guangzhou ina kaiwa Kano. A Guangzhou ɗin na san wani dattijo mutumin Kumasi, mawaƙin soul, irin waƙar baƙaƙen Amurka. Tun ina firamare yake waƙa a Sabon Garin Kano, da Hausa da Turanci, bai taɓa yin suna ba. Namu suka ce kiɗan Turawa ne, masu jin Turanci suka ce Hausar ta yi yawa. Ƙarshe wani otal a unguwar Tianhe ta Guangzhou ya ɗauke shi, yana rera waƙoƙin wasu, mutane na cin abinci ba mai ɗaga kai.

Nasa waƙoƙin suna cikin kaset ɗaya tak. Ya miƙo mini.

"Alhaji, tunda za ka masana'anta a Panyu, tambayi mai wurin ko zai buga mini da yawa."

"An gama, Yaya."

Mu ba ma karɓar rediyo sai mun gwada: ka sa kaset, ka danna jan maɓalli, ka yi magana, ka mayar ka ji. Ranar na manta kaset ɗin gwajina. Nasa ke aljihuna. Dattijon ya riga ya ɓalle wa kaset ɗin kunne don kada a ɗauki wani abu a kai. Na toshe ramin da takarda. A raina na ce ai waƙa ce kawai.

Da na dawo na ce mai masana'antar ya ɓatar. Duk haɗuwarmu sai ya tambaya, in ce har yanzu "meyo", wato babu da yaren Caina.

Otal ɗin ya sayi na'urar waƙa ya sallame shi, muryar ma ta soma dushewa. Ranar da zai tafi na same shi yana ɗaure jaka kafin motar filin jirgin Baiyun ta zo. Na sa kaset ɗin a rediyo. Muryata ce, "gwaji, gwaji", sau ba adadi. Can tsakiya tasa ta fito ta lokacin ƙuruciya, rabin baiti, sai tawa ta sake danne ta.

"Muryarka ba daɗi, Alhaji," ya ce.

Na durƙusa.

"Yaya, ba a ɓatar ba. Ni na shafe, ina sane, na kuma yi maka ƙarya. Ka yafe mini."