Ranar da Ya Ce In Raba Musu Kwano

Shekara tara ina sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar wata sakandaren jeka-ka-dawo a unguwar Barade. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san yaran nan ta cikinsu. Na san mai son yaji, da mai tsince albasa, da wanda ya fito gida bai karya ba.

Akwai wasu 'yan aji uku su biyu da kullum a kwano ɗaya nake zuba musu. Ɗaya Bafulatani ne siriri mai yawan dariya, ɗayan ɗan ƙabilar Mumuye, Kirista, uwarsa tana sayar da doya. Sai su zauna kan bulo suna ci suna tsiya.

"Mama, ki yi masa magana, cokalinsa shebur ne."

"Ƙarya ne Mama, shi ke haɗiya ba tauna kamar agwagwa."

Wata Talata Bafulatanin ya zo fuska a ɗaure ya ce, "Mama, raba mana." Na raba. Ya ɗauki cokali ya ɗauraye har sau uku, ya koma gefe ya juya baya. Abokin ya yi dariya ya ce, "Oga, yau kuma ƙazuwa gare ni?" Bafulatanin ya ci gaba da cin abincinsa. Washegari ma haka.

Ni mutum ce mai sa abu a rai. Ko gishiri na ga kamar ya yi yawa sai in wuni ina ba mutane haƙuri. Na fara bin yaron nan Bafulatani da ido. In an tashi ba ya bin hanyar gida, sai ya zagaya bayan katanga, gindin wani mangwaro. Can wani mutum da ban sani ba yake zama da waya a hannu, yara biyar ko shida sun kewaye shi. Wata yarinya mai saye wurina ta raɗa mini cewa bidiyon kashe-kashe yake nuna musu, yana ce musu makarantar nan ɓata ce, kuma duk mai cin abinci da wanda ba Musulmi ba ya bar hanya.

Kwana tara na yi ban faɗa wa kowa ba. Ni Musulma ce, kuma da na wuce ta wurin na ji mutumin yana jan aya. Ina tsoron ɗaukar alhakin malami a kan maganar yarinya. In na idar da salla sai in ce yau zan faɗa, in na ɗora tukunya sai in ce to in ƙage ne fa?

Ran na goma na shiga ofishin hedimasta. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Mama, ya taɓa shigowa cikin makaranta?" Na ce a'a. Ya ce, "To ikona a katanga ya tsaya, amma zan ja musu kunne." Da safe a asambuli ya yi gargaɗi a kan zama da baƙin fuska. Daga ranar gindin mangwaro ya zama wayam. Mutumin ya canja wuri, yaran suka bi shi. Da can ina hango su daga inda nake wanke kwanuka, yanzu ko hakan babu.

Sai na nemi kwatancen gidan su yaron, na hau keke napep zuwa unguwar Sintali. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kindirmo, muka yi ta gaisuwar Fulani, jam, jam, gida da gajiya da ruwan bana. Ina harhaɗa magana a baki ta kira ni Adda, wato yaya, ta ce, "Adda, ai ɗan naki ya shiryu. Da ƙwallo kawai, yanzu shi ke tashinmu sallar asuba." Fuskarta cike da murna. Ni ba danginta ba, ranar na fara taka gidanta, ga kindirmonta na sha. A wurinmu ba a fara shiga gidan mutum da mugun labarin ɗansa. Na ce, "Allah ya ƙara shirya." Ta tambayi ko lafiya na zo, na ce gaisuwa ce kawai. Har bakin titi ta raka ni.

Aka yi hutu aka dawo, yaron bai dawo ba. Sati na biyu, lokacin tara, yara sun yi layi a gabana, sai ga mahaifiyar, ta rame. Ta ce ya yi mata sallama zai je wurin kawunsa a garin Mutum Biyu, kawun kuma ya ce bai gan shi ba. Wayarsa a kashe.

Ta dube ni ta ce, "Adda, zuwan nan da kika yi, gaisuwa ce kawai?"

Na ajiye ludayi na faɗa mata komai, tun daga farko. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Tashi ki nuna mini inda mutumin ya koma."

Na ce mata ban sani ba.